Mai zagina a ƙarƙashin kowane darasi: in ba shi amsa ko in toshe shi?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema. Ni malamar lissafi ce, nakan ɗora gajerun darussa a shafina na Facebook saboda 'yan sakandare. Akwai wani mutum, ban san shi ba, ko hoto babu a kan sunansa. Duk darasin da na ɗora sai ya biyo ƙasa ya ce ban iya komai ba, in koma kicin. Jiya ya wuce gona da iri, har iyayena ya sako ciki. Zagin ya yi mini ciwo, amma abin da ya fi damuna shi ne yaran suna karantawa. Wata yarinya mai ƙoƙari ta daina tambaya a fili, tana tsoron ya juyo kanta. In na goge ya ce na tsorata, in na yi shiru kamar na amince. Yaya zan yi?

Malam Abu Safiyya:
Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara haƙuri. Masu zafin baki iri biyu ne. Akwai wanda ya ga kuskure a aikinki amma bai iya magana ba. Shi wannan ki ɗauki gyaran, ki bar masa rashin ladabin. Akwai kuma wanda ba ruwansa da lissafi, 'yan kallo yake nema. Wanda ya taɓa iyaye ai ya riga ya faɗa miki ko wane ne shi.

Kar ki yi musayar yawu da shi, don manhajar ba ta bambance zagi da yabo yadda muke zato, yawan motsi take ƙirgawa. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya riƙa ba alamomin nuna yanayi, har da ta fushi, maki ninki biyar na alamar "so", kafin daga baya ya rage. Kowace amsa da kika ba shi, ke ce kike taya shi tara jama'a.

Maimakon gogewa, ki ɓoye sharhin. Shi da abokansa za su ci gaba da ganinsa, sauran mutane ba za su gani ba, sai ya yi ta magana shi kaɗai.

Ɗan'uwa Nura:
Malam, da girmamawa, ban yarda a yi shiru gaba ɗaya ba. Yaran nan suna kallon yadda malamarsu za ta yi. Anti, ki yi magana sau ɗaya tak, kuma ɗalibanki za ki yi wa, ba shi ba. Ki rubuta cewa nan wurin karatu ne, kowa na da 'yancin tambaya ko gyara, wanda ya yi zagi kuma za a fitar da shi. Ki maƙala rubutun a saman shafin, sannan ki cika alkawari. In ya ce kin tsorata, sai me? Shafinki ne.

Hajiya Umma:
'Yata, ni tunda ya ambaci iyaye ba na ganin sauran jira. Ki fara ɗaukar hoton duk abin da ya rubuta, da sunan da yake amfani da shi da kwanan wata, ki adana. Sai ki kai ƙorafinsa ga Facebook, ki toshe shi. In ya kai ga barazana ko ya fara ambaton inda kike aiki, wannan ya wuce rigimar intanet, hukuma za ki kai wa hotunan.

Irinsu sukan dawo da sabon suna. A saitin shafi akwai wurin da ake jera kalmomi, duk sharhin da ya zo da ɗaya daga ciki zai ɓuya da kansa. Ki zuba kalmomin da ya saba faɗa a can. Kuma don Allah ki nemi wani amintacce ki ba shi ikon kula da shafin, ya riƙa tace sharhi kafin ki leƙa. Bai kamata ke da aka zaga ki zama ke ce mai karanta zagin kullum da safe ba.