Jini Ne Ko Gani Ne? Musayar Waƙa Kan Tagwayen Gidan Mai Dorina

Malamar Firamare, Taura

Assalamu alaikum 'yan zaure. Labarin wannan makon ƙagagge ne, kada kowa ya tafi neman gidan. A wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura an yi wani magidanci mai dukan matarsa, yadda ya tarar ubansa na yi wa uwarsa. Matar ta haifi tagwaye, Hassan da Husaini. Ana yaye su auren ya mutu, aka raba yaran: Hassan ya zauna gidan uba, Husaini ya bi uwa gidan kawu. A amsa da waƙa, kowa da ƙafiyarsa.

Da sunan Allah zan fara,
Mai raya ƙasa bayan bushewa.

Kaka ya rataye dorina
A bakin ƙofa don tsoratarwa.

Uba ya gaje ta da gonar gero,
Bai bar ta a ƙusa tana hutawa.

Hassan ya girma yana leƙe,
Ta hudar zana yana hangowa.

Husaini can a gidan kawu,
Faɗa da baki ake ƙarewa.

Yau ga Hassan ya karya hannun
Wadda kullum ke masa dafawa.

Husaini ya kai kuɗin gaisuwa,
An mai da su babu ko ƙirgawa.

Waliyyi ya ce jinin gidan ne,
Barewa ɗanta ba ya rarrafawa.

To jini ne, ko kuwa gani ne?
Iyayena, ku nake saurarawa.

Baba Mai Shanu, Maigatari

'Yata, ni ban ga laifin waliyyin nan ba.

Ki zo Maigatari ran Alhamis,
Ki ga mai sayen sa da tambayarshi.

Ya duba haƙori, ya shafa tozo,
Ya ce a gaya mini waye ubanshi.

Bunaji fari kafin wata guda
Ya karɓi garma a kan wuyanshi.

Rahaji ja mai dogon ƙaho,
Ka sha wuya kafin ka horar da shi.

Ciyawa ɗaya, rijiya ɗaya,
Kowa da zafin da ke jininshi.

Manzon Allah ya ce mutane
Ma'adinai ne, kowa da nashi.

Hali zanen dutse ne, 'yata,
Wane ruwa ne zai kankare shi?

Husaini bai yi ba don bai samu ba,
A ba shi mata a ga ƙarshenshi.

Mai Garma, Ɓaɓura

Yaya Mai Shanu, ka bar garke,
Mu je gona mu duba ƙasa.

Ka san ƙuduji, wuta-wuta,
Da ke tsotse dawa har ta kasa.

Mai gona sai ya zargi iri,
Ya sayo wani, ya watsar da nasa.

Ya shuka sabo a tsohon wuri,
Baɗi ga furen nan ya fito masa.

Ƙwayar ƙuduji kamar ƙura ce,
Tushe guda, dubbai ne 'ya'yansa.

Ta kwanta shekara 10 da ɗori,
Tana jiran saiwa ta zo kusa.

Da ta ji alamar saiwar gero,
Ta tsira ta kama shi ta ƙarƙashinsa.

Kafin ka ga kanta a fili, Yaya,
Ta riga ta shanye ƙarfinsa.

Gonar da ta gaji, babu taki,
Nan ƙuduji ke cin kasuwarsa.

A tuge shi tun bai yi fure ba,
A kai shi waje a ƙone gawarsa.

A zuba takin gida, a ɗaga dawa,
Gyaɗa ko waken suya a gurbinsa.

Su ruɗi ƙwayar ta tsira banza,
Ta rasa abin kamu ta mace a ƙasa.

Hassan geron da aka bari ne
A gonar kaka da ƙudujinsa.

Husaini iri ɗaya ne da shi,
An kai shi fili mai tsabta, nesa.

Inna Ungozoma, Ringim

Ku maza kun tafi garke da gona,
Ni ku bar ni in shiga ɗaki.

Karatun duka ga ɗan gidan nan
Yana farawa tun yana ciki.

Shuri a mara ga mai wata bakwai,
Mabiyiya kan ɓalle daga jiki.

Ciki ya yi tauri, ɗa ya yi shiru,
Jini ya zubo, ja ko baƙi.

Wani sa'in ma ba ya fitowa,
Ya taru a ɓoye, ana ce da sauƙi.

Ba jiƙo, ba jiran wayewar gari,
Sai asibitin ƙarin jini da aiki.

Jariri ya dami uba da kuka,
Ya girgiza shi kamar buhun taki.

Wuya bai yi ƙwari ba, kai ya fi nauyi,
Jijiya ta tsinke, ba tabo a jiki.

Maɗiga ta kumbura, amai, taune-taune,
A ce iska ce, a kama hayaƙi.

Mari a kunne kan huda dodo,
Kar a ɗiga mai don neman sauƙi.

A tsare shi daga ruwa, in ya fara zuba
A kai shi ga masu farin kayan aiki.

Wanda bai sha duka ba, ya dai gani,
Shi ma yana ɗauke da nasa miki.

Fitsarin kwance bayan ya daina,
Firgita da dare ba dalili, mamaki.

Ya san takun uba tun daga zaure,
Ya saki loma tun tana baki.

Ku gan shi da ɗan akuya a turke,
Kara a hannu, ya ja masa tsaki,

Da kalmar uban, da muryar uban,
Har yadda yake naɗe hannun riga don aiki.

Baba, wannan ba daga nono ba ne,
Allo ne aka rubuta masa, baƙi bayan baƙi.

Baba Mai Shanu, Maigatari

Inna, na ji, jikina ya yi sanyi,
Amma akwai ɗan da ba a taɓa shi,

An rene shi da lallashi da fura,
Ya tashi wuta, kowa na tsoronshi.

Wa ya biya masa wannan allo?
In ba jini ba, a ina ya samo shi?

Malamin Jinya, Kazaure

Baba, kana da rabon gaskiya,
Ban ce zafin rai ba a gadonsa ba.

Amma zafi daban, duka daban,
Garwashi bai ƙona gida shi kaɗai ba.

A garin Dunidin na ƙasar Niw Zilan
An bi yara 1,037, ba a sake su ba,

Haihuwar 1972 zuwa 73,
Har suka girma ba a daina auna su ba.

A 2002 aka duba mazansu
Da ƙwayar gado, MAOA, ba camfi ba.

Mai raunin ƙwayar da ya sha azaba
Yana ƙarami, shi ne bai cika tsira ba.

Mai raunin ƙwayar da ya tashi lafiya
Bai fi sauran yara rikici ba.

Zancen Mai Garma ya hau ma'auni,
Iri da ƙasa ne, ba ɗayansu ba.

Kaufman da Zigler, Amurka, 1987,
Sun tara bincike, ba guda ɗaya ba:

Cikin waɗanda aka azabtar suna yara,
Kusan 1 cikin 3 ne ba su tsallake ba.

Sauran biyun sun haifi nasu,
Ba su ɗora musu abin da suka sha ba.

Me ya cece su? Wani babba guda
Da ya riƙe su bai wulaƙanta su ba,

Da abokin zama mai kwantar da rai,
Da faɗin "an cuce ni", ba ɓoyewa ba.

Sai a laluba aljihun Hassan kuma,
Tiramol da wiwi ba gadon kaka ba.

In yana sha, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure
Ko Dawanau, nasiha kaɗai ba ta isa ba.

Malam Mai Allo, Birnin Kudu

Ana haifar ɗa a kan fiɗira,
Iyaye ne ke sauya masa hanya.

Ɗan Annabi Nuhu ya ƙi jirgi,
Ibrahimu ɗan Azara ya bi gaskiya.

Ikrimatu ɗan Abu Jahal ne,
Sahabi ya zama, ba mai jayayya.

Rai ba ya ɗaukar laifin wani rai,
Ku duba Isra'i, 15 ce aya.

Baba, hadisin ma'adinai
Ka karanta kai, ka bar wutsiya.

Ƙarshensa sharaɗi ne: in sun fahimta,
Tama sai ta sha wuta take zama fartanya.

Nana A'isha ta shaidi Manzo,
Hannunsa bai bugi mace ba ko sau ɗaya.

In fushi ya taso, a'uziyya,
Ka kama bakinka, ka tsare zuciya.

Kana tsaye, zauna; bai tafi ba, kwanta;
Ka tashi alwala da ruwan rijiya.

Waliyyi kuma, ga yadda ake bincike:
Kar ka tambayi dangi, suna jin kunya.

Tambayi wanda suka yi gayya tare,
Da wanda Husaini ke bi bashi tun jiya.

Ka gan shi da jaki in ya ƙi tafiya,
Da ƙannensa mata ran da ya sha wuya.

Ka jefa masa zancen hannun ubansa,
Ka lura, sunkuyawa zai yi ko dariya.

In ya ce mace sai da bulala,
Ko ɗan limami ne, ka ja baya.

In idonsa ya kawo ruwa ya yi tir,
Ka sa sharaɗi gaban shaidu, ka ba shi ɗiya.

Tsohon Magatakarda, Gumel

Allah gafarta Malam, duk kun bi Husaini, kun bar mai karyayyen hannu.

A fid da ita daga gidan a daren,
Kar a ce ta yi haƙuri ta kwanta.

Hoton ƙashi kafin mai ɗori,
Don a san yadda ƙashin ya kasance mata.

A karɓi takarda daga hannun likita,
Da sa hannu, hatimi da kwanan wata.

Biko ba goro da "ki yi haƙuri" ba ne,
Nisa'i 35 ta riga ta tsara ta:

Dattijo ɗaya daga dangin miji,
Dattijo ɗaya daga danginta.

Mai unguwa ya zauna, dagaci ya sani,
Alkawari kuma a rubuta.

In ya sake, sai gaban alƙali,
Da maƙwabtan da suka ji kukanta.

A Malikiyya in cuta ta tabbata,
Alƙali ya raba, sadaki nata.

Nan ake kuskure: a ce ta yi hul'i,
Ta sha duka, ta biya da akuyarta.

Ko shaidu su noƙe don zumunci,
Shi ya sa takarda ce garkuwarta.

Riƙon yara na uwa ne a hukunci,
In ta yi aure, ya koma ga uwarta.

Namiji har ya balaga, mace har ta tare,
Ci da sutura kan uba, ba a kanta.

Al'ada ce ta bar Hassan gidan uba,
Shari'a da ta ba uwarsa riƙon ɗanta.

Jigawa ta sa hannu a 2021
Kan dokar hana cin zarafi, a nemi ta.

Baba Mai Shanu, Maigatari

To Malam, na sauko taki ɗaya,
A ba Husaini, ban hana shi.

Amma amarya ta tare kusa da gida,
Kawu da waliyyi su sa ido kanshi.

Damina ɗaya da rani ɗaya,
Sai rumbu ya yi ƙasa ake sanin halinshi.

Malamar Firamare, Taura

Akwai abin da na ɓoye muku:
Hassan na da ɗa, huɗu yake cikawa.

Yana bakin ƙofa da ƙoƙon koko
Sa'ad da ƙashin ya yi ƙarar karyewa.

Dangin uba sun ce nasu ne,
Inna, ina zai kwana in an watsewa?

Inna Ungozoma, Ringim

Ya bi uwarsa, da tabarmarsa,
Ya kwana inda yake jin ɗumin jiki.

In ya jiƙa shimfiɗa kar a yi masa tsawa,
A wanke, a shanya a bayan ɗaki.

In ya tambaya, kar a ce faɗuwa ta yi,
Ya gani da ido, kar a rufe masa baki.

A ce: babanka ya yi ba daidai ba,
Ba kai ka ja ba, ɗana, sha kokonka da sauƙi.

Kawunsa ya riƙa tafiya da shi gona,
Ya ga yadda ake lallashin jaki.