Ƙungiyoyin taimako na zango a kullen korona: ta yaya kuka gano masu bukata?

Sakataren ƙungiya, Nima:
Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon marayu da zawarawa a Nima, wata unguwar zango a Akra ta ƙasar Ghana, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da aka rufe Akra da Kumasi a ranar 30 ga Maris 2020, mun raba shinkafa da garin rogo da mai bisa sunayen da ke littafinmu, sai daga baya muka gane cewa masu sayar da koko da ƙosai a bakin titi, waɗanda ba su taɓa roƙonmu komai ba, su ne yunwa ta fi galabaitarwa a makonni ukun nan. Waɗanda suka yi irin wannan aiki, ta yaya kuka gano mabukatan da ba sa cikin littafi?

Hajiya daga Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Mu ma mun faɗa wannan kuskure a makon farko. Wadda ta buɗe mana ido ita ce mai sayar da gawayi a layinmu, domin ta san gidan da ya kwana uku bai aiko a sayi gawayi ba, kuma gidan da ba a hura wuta ba, ba sai an tambayi halinsa ba. Daga nan muka koma kai kaya bayan sallar isha'i, mu ajiye a ƙofar ɗaki ba tare da sallama ba, saboda akwai dattawan da sun gwammace su kwana da yunwa da a gan su a layin rabo. Abin da har yau yake damuna shi ne ƴan matan kayaye, wato masu dakon kaya a ka, na kasuwar Kejetia, waɗanda ba su da mai gida balle a rubuta sunansu. Kaɗan ƙwarai muka iya kai wa.

Malamin makaranta, Sabon Zango:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma mu matsalarmu kuɗi ce. Asusunmu ya dogara ne da sadakar Juma'a, ga shi an rufe masallatai tun tsakiyar Maris, azumi ya shigo a haka, ba a buɗe su ba sai 5 ga Yuni, shi ma mutum 100 kawai aka yarda su shiga. Ƴan'uwanmu na Amurka da Jamus ne suka riƙe mu da abin da suke turowa ta waya. Ruwan famfo kuwa da gwamnati ta ce kyauta ne, gidaje da yawa a wurinmu saye suke yi da jarka, don haka mu muka riƙa cika bokitin Veronica, wato bokitin wanke hannu mai famfo, da ke bakin gidan wanka.

Sakataren ƙungiya, Nima:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, zan kai maganar mai gawayi zamanmu na ranar Lahadi, don mu sake rubuta littafin tun daga farko.