Fili na zama ne, ina so in fitar da shaguna a gaba: me hukuma ke buƙata?

Mai_Fuloti:
Assalamu alaikum. Fili ne mita 15 a faɗi, 30 a tsawo, takardarsa ta gidan zama ce. Ana son gina gida, a fitar da shaguna biyu a bakin titi, nan gaba a ɗora bene. Takardar mallaka ta wadatar a fara, ko akwai wani izini? Kuma wa ake fara gani?

Jami'in_Tsari:
Wa alaikumus salam, Malam. Takardar mallaka tana nuna filin na wane ne da abin da aka ba da shi a yi, izinin gini kuma daban ake nemansa a hukumar tsara gari. Kafin ka biya kowa kuɗin zane, je ofishinsu ka tambayi abu uku: me aka ware unguwar a yi, mita nawa ake bari tsakanin gini da iyaka, kuma kashi nawa na filin aka yarda gini ya cinye. Amsar tana bambanta daga gari zuwa gari, har daga titi zuwa titi.

Ga lissafi don ka ga nauyin abin. Filinka murabba'in mita 450 ne. A ce an ce ka bar mita 6 a gaba, 3 a baya, 3 a kowane gefe. Abin da ya rage 9 sau 21 ne, wato 189. Shagunan da kake hange a bakin titi sun faɗa daidai cikin mita shidan da aka hana, kuma an bar wurin ne don kwata, bututun ruwa, turakun wuta da faɗaɗa titi. Irin waɗannan gine-gine ne ake wayar gari a ga an shafa musu jan fenti.

Shago kasuwanci ne, don haka sai ka nemi canjin amfanin fili tukuna. Za su duba wurin ajiye mota da damuwar maƙwabta, suna iya ƙi. Idan sun amince, ka haɗa takardar mallaka, taswirar safiyo, zanen gini da na injiniya masu hatimi, da rasit ɗin biyan kuɗi. Karɓi rasit na hukuma kan kowane biya. Izinin yakan zo da wa'adi, idan ya wuce ba a fara aiki ba sai an sabunta.

Safiyo:
Ƙari kaɗan. Kada a ɗauki katangar maƙwabci a matsayin iyaka. A sa safiyo ya nemo duwatsun iyaka huɗun, ya gwada su da lambobin da ke kan taswira kafin a haƙa fandisho. Kuskuren rabin mita a tsawon mita 30 murabba'in mita 15 ne na ƙasar wani. A kuma duba ko babbar wayar wuta ko hanyar ruwa ta ratsa kusa, domin wurin da aka keɓe musu ba a ba da izini a cikinsa.

Injiniyar_Gini:
Malam, batun benen nan ya fi damuna. Idan akwai niyyarsa, a saka shi cikin zanen da za a kai yanzu, ko da ƙasa kaɗai za a gina. Fandisho da ginshiƙan da aka yi wa lissafin hawa ɗaya ba za su ɗauki na biyu ba, kuma ƙarfafa su daga baya yana nufin fasa daɓe a sake tono. A gwada ƙasar wurin kafin a yi lissafi.

Masu duba gini sukan zo matakai: bayan an ja layi, bayan an haƙa fandisho, sai bayan an ɗaure rodi kafin a zuba kankare. Idan aka zuba ba su gani ba, suna iya sa a fasa. Kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kada magina su yi gaggawar cire katakon da ya tokare dekin.

Sokawe ma yana cikin abin da ake dubawa. Mita 30 tsakaninsa da rijiya shi ne nisan da masana lafiya suka fi ba da shawara, kuma a fili mai wannan girma, rijiyar maƙwabci ma sai an sa ta a lissafi.

Mai_Fuloti:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Idan an ja shagunan baya sun shiga jikin gidan, canjin amfanin yana nan dole?

Jami'in_Tsari:
Yana nan. Ja da baya ya warware batun tazara ne kawai. Ka nemi a mai da shi na zama da kasuwanci a haɗe, a nuna ƙofar shagunan daban da ta gida a cikin zanen.