Sansanin Manas ne ya kashe dimokuraɗiyyar Kirgistan?

Malam Bala: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce sansanin sojan saman Amurka na Manas shi ya kashe dimokuraɗiyyar Kirgistan, Injiniya ya ce ban san zancen ba. To ga fili ga mai doki. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasar nan ce ake nunawa da yatsa a tsakiyar Asiya wajen 'yancin magana. A Disambar 2001 Amurka ta sauke jiragenta a filin jirgin Manas, kusa da Bishkek babban birnin ƙasar, saboda yaƙin Afganistan. Daga nan aka yi ta zargin kwangilar man jiragen tana ƙarewa a aljihun iyalan shugaba Askar Akayev. A 2005 jama'a suka fatattake shi.

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, ka ɗaura wa kaza laifin kura. Tun a shekarar 2000 Akayev ya kama babban abokin hamayyarsa Feliks Kulov. Lokacin ko sojan Amurka ɗaya babu a Manas.

Malam Bala: Na ji. Amma wa ya ba shi ƙarfin gwiwar ci gaba?

Hajiya Rabi: Ni dai wanda ya gaje shi, Kurmanbek Bakiyev, shi ne ke ba ni mamaki. A Fabrairun 2009 ya je Mosko, Rasha ta yi masa alkawarin bashin dala biliyan 2, nan take ya ce zai rufe Manas. Watanni kaɗan Amurka ta ɗaga kuɗin haya daga kusan dala miliyan 17 zuwa miliyan 60 a shekara, sai aka canja wa wurin suna kawai, jirage suka ci gaba da tashi. Mutumin ya ci nan ya ci can. A watan Yulin shekarar ya yi zaɓen da masu sa ido na Turai suka ce cike yake da maguɗi, Amurka kuwa bakinta ya yi nauyi, tunda tuwonta na cikin tukunyarsa. Nan kam Malam yana da gaskiya.

Malam Bala: Madalla Hajiya. Ki ƙara da 7 ga Afrilun 2010, ranar da aka bindige mutum sama da 80 a Bishkek kafin Bakiyev ya tsere, har ya ƙare a Belarus.

Injiniya Sabo: To ku amsa mini wannan. An rufe Manas a Yunin 2014. In sansanin ne cutar, ai ya kamata majiyyaci ya miƙe. Me aka gani? Oktoban 2020 magoya bayan Sadyr Japarov suka fito da shi daga kurkuku, cikin kwanaki ya hau mulki. A 2021 ya sauya tsarin mulki, iko ya koma hannun shugaba. A 2024 kotu ta ba da umarnin rufe kafar labarai ta Kloop, aka kuma kafa dokar sa ido kan ƙungiyoyin da ke samun kuɗi daga waje, mai kama da ta Rasha. Sannan ba wanda ya ambaci Kant, wani gari kusa da Bishkek. Sansanin Rasha na can tun 2003, bai motsa ba har yau. Shi ba baƙo ba ne?

Ɗan Agadas: Injiniya ka taɓo ni. Mu ma shekaru muna jin ƙugin jiragen Amurka marasa matuƙi a bayan gari, a 2024 suka tattara nasu ya nasu. Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba. Amma maganar da nake tsoron faɗa a kasuwa kafin su tafi, har yanzu sai na waiga kafin na faɗe ta.

Malam Bala: Kai ma ka koma bayan Injiniya ke nan?

Ɗan Agadas: A'a Baba, ni ban bi kowa ba.

Hajiya Rabi: Malam, ka rage kaifin maganarka. Ka ce sansanin ya ciyar da ɓarayi, ya sa Amurka ta kau da kai, zan sa hannu. Amma kisa, tun kafin ya zo ake yi.

Malam Bala: Zan dawo kan Kant bayan la'asar. Kada kowa ya goge saƙonsa.