Abin da aka faɗa a majalisa kan malaman nazarin laifuka

Taƙaitawa ce ta hirar da aka yi a majalisarmu ta bakin kasuwa nan ƙauyenmu wajen Gwaram, kan yaranmu masu karanta nazarin laifuka da tsaro a jami'ar tarayya ta Dutse da masu burin makarantar 'yan sanda ta Wudil.

Babbar shawara dai ita ce ɗalibi ya san daga ina malaminsa ya fito kafin ya kai masa taken furojet, wato binciken kammala digiri, don malaman ba hanya ɗaya suka biyo ba, da yawa ilimin zamantakewa suka karanta, wasu lauyoyi ne, wasu kuma sun sa kaki kamar Janar Dambazau da ya yi digirin dakta a fannin a Ingila. Mai zamantakewa zai tambaye ka me ya jefa matashi shaye-shaye ko daba, lauya kuwa sashen doka zai nema, tsohon ɗan sanda shi kam yadda ake bincike.

Wani malamin firamare ya ce a daina gudun matsalolin ƙauye, rikicin manoma da makiyaya, satar shanu, sulhun da dagaci ke yi, duk akwai malaman da ke son su. Ni ma nan na fi karkata gaskiya.

Aka kuma ce a karanta dokar 2019 da ta mai da gidan yari gidan gyaran hali.