Passat 1.8T tana hayaƙi kuma ƙarfinta ya ragu

Ɗan Katsina: Assalamu alaikum. Passat ɗina mai turbo (na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji), ƙirar 2001, tana fitar da shuɗin hayaƙi idan na taka totur, kuma tana shan baƙin mai sosai. Bakanike ya auna matsin silinda huɗun, guda uku sun nuna bar 11 a ma'aunin matsi, silinda ta uku kuwa bar 6. Shin turbo ne ya lalace, ko injin?

Malam Garba: Wa'alaikumus salam. Turbo ba ya rage matsin silinda ɗaya, saboda haka kada ka yi gaggawar sayen sabo. A cire filogi na uku, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin, sannan a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, ringin fistan ne ya cinye. Idan bai motsa ba, a duba bawul ko gasket ɗin kan inji.

Hajiya Rabi: Malam ya yi gaskiya. Amma a kwance bututun da ke fita daga turbo, domin idan baƙin mai ya taru a ciki, matsala biyu ce, wato har da turbon.

Malam Garba: Haka ne, Hajiya. A kuma lura ko ruwan lagireto yana raguwa, domin farin hayaƙi mai kauri yana nuna gasket ne.