Jar roba ko baƙa: wacce ta dace da injin ban ruwa?

Garba Kadawa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na yanke shawara, na bar baƙar roba. Jar robar silikon da na samo a Kano zan sa wa injina ko'ina, har tiyon fetur. Rana ba ta fasa ta, zafin inji ba ya narkar da ita. Baƙar kuwa rani ɗaya ta yi a gona duk ta tsattsage.

Malam Hudu Makanike: Wa alaikumus salam. Garba, zancen zafi ka yi gaskiya, tana jure digiri 200 ba ta canza ba. Amma ka raba ta da fetur. Shan sa take yi, ta kumbura, ta yi laushi. Bara na sa wa injin wani manomi a Kura, ba a jima ba sai ga fetur na ɗiga dab da salansa. Allah ne ya tsare.

Garba Kadawa: Malam, anya ba jabu aka sayar maka ba?

Aminu ɗalibi a Wudil: Yaya Garba, ba jabu ba ce, halinta ke nan. Asalinta daga yashi ne. Sarƙar sinadaran da ta gina ta silikon ne da oksijin, ba kabon ba kamar sauran roba, shi ya sa rana da iska ba sa cin ta. A masana'anta tana zuwa da kauri kamar ɗanko, a cuɗa ta da sinadari, a matse ta a mazubi a gasa da zafi sama da digiri 100. In ta gasu ba ta sake narkewa. Ku ƙona ɗan guntu ku gani, farar toka za ta bari. Saboda wutar lantarki ba ta ratsa ta ake rufe wayar fulogi da ita, da kariyar manyan wayoyin lantarki. Har kan bulumbotin jarirai da wasu tiyon asibiti ita ce. Ta fetur kuwa daban take, naitiril ake ce mata, baƙa ce galibi.

Sale Mai Gilas: To ni da nake liƙe gilashi da silikon kullum, ban taɓa gasa shi ba.

Aminu: Kawu, naka na bututu ne, danshin iska ke daskarar da shi, shi ne mai warin tsami. Dangi ne, amma ba ɗaya ba.

Malam Hudu: Ga wani aibin da ba a faɗa ba. Ba ta da ƙarfin jan ƙasa. Ƙaya ko kaifin dutse ya ɗan tsaga ta, yagewa take yi har ƙarshe. Kai da kake jan tiyo a kan kunya da tsakuwa, ga ta da tsada, me ka ci riba?

Garba Kadawa: Na ji na tiyon ruwa. Zan sa ta a hular fulogi da inda zafi ya fi yawa. Amma na fetur sai na gani da idona, don wadda na saya mai kauri ce ƙwarai.

Malam Hudu: Kauri ba ya hana ta sha. Ka yanko guntu biyu daidai da juna ka kawo shago gobe bayan la'asar. Mu jiƙa ɗaya a kwalbar fetur, ɗaya mu ajiye, jibi mu gwada su a gaban kowa. Kafin nan, don Allah kada ka ɗaura ta a injin.